Bindigar Kabo Mai Tuta Biyu

A unguwar Tandabawi da ke Makka idan ka ji an ce Sarkin Bindiga, to Idris Kabo ake nufi, kuma shi ya naɗa kansa. Direban bas ne a tashar Kudai, yana jigilar masu Umara zuwa Harami. Tun yana saurayi ya baro Kano, ya auri Hajara, jikar Hausawan da suka daɗe a Makka, ya zauna. Ba wanda ya taɓa ganin ya harba ko danƙo, amma ya ishi kowa da labarin kakansa maharbi, wanda wai ya taɓa kada ɓauna da harbi ɗaya, harsashin ya wuce ya karya ƙafar barewa a bayanta.

Akwai wasu dattawa da samari, jikokin alhazan da suka zo da ƙafa, masu sha'awar tsofaffin bindigogin ɗuri. Duk Juma'a bayan la'asar sukan haɗu a wata istiraha, gidan shaƙatawa mai fili da doguwar katanga, can bayan iyakar Harami ta hanyar Ɗa'if, tunda ba a wasa da makami a cikin Harami. Su kankare tsatsa, su shafa mai, su yi wa ƙota adon azurfa. Shugabansu wani dattijo ne mai sanyin magana, Ammu Abdulsalami, wato Baffa da Larabci. Ranar bikin ƙasar Saudiyya kuwa sukan yi ta'ashir, rawar mutanen Ɗa'if: mutum ya ɗura albarushi ba harsashi, ya daka tsalle, ya harba ƙasa a ƙarƙashin ƙafafunsa, wuta da hayaƙi su tashi.

Kabo ba ya fashin zuwa, sai dai ba mai ba shi bindiga ya riƙe. Shawara kawai yake bayarwa, ita ma ba a tambaye shi ba.

A watan Satumba na 2013, bikin ya matso, ana ta goge-goge, Kabo ya tsaya a kan Nawaf, ƙanin matarsa, yana cewa ba haka ake riƙe ƙota ba.

Nawaf ya ɗago kai. Hausarsa rabi Larabci ce. "Ya Kabo, bikin ƙasarmu ne, inta ina ruwanka? In Najeriya ta ci ƙwallo, kai ne mai ihu har maƙwabta su fito. In lokacin sabunta iƙama, takardar zama, ya zo, kai ne mai 'Allah ya ja zamanin Sarki'. Wai kai ɗan ina ne?"

Aka kwashe da dariya. Luƙman, wani ɗalibi Bazazzagi da ke haya a benensu Kabo, wanda ba ya son a taɓa Najeriya ko da wasa, ya ce, "Mu ma ba mu san matsayinsa ba. Rabonsa da gida tun Abuja tana daji."

Kabo ya gyara hula, ya buga ƙirji.

"Ku kowa ƙasa ɗaya yake so, shi ma da ƙyar. Ni biyu nake so, kuma kowacce na fi 'ya'yanta sonta. Ranar biki zan zo da bindigar da na gyara da hannuna, tuta biyu a jikinta, in yi ta'ashir ɗin da mutanen Ɗa'if za su sauko daga dutse su koya."

Ammu Abdulsalami ya ce, "Kana da bindiga ne, ya Idris?"

"Sarkin Bindiga ake tambaya ko yana da bindiga?"

Ba shi da ita. Amma surukarsa, Hajiya Ɗaso, tana da wata tsohuwar bindiga adaka rataye a bangon falonta, ta mahaifinta, wadda ya ratso Sudan da ita a kafaɗa. Tsohuwar ba ta bari ko ƙura wani ya goge mata. Aka yi dace ta tafi Madina ziyara, ta bar wa Hajara makulli.

"Baban Munira, ka rufa mini asiri," in ji Hajara. "Umma ta fi son bindigar nan a kan mu da ta haifa."

"Shi ya sa zan gyara mata. Ta dawo ta ga kayan ubanta na walƙiya, ta sa mini albarka a gaban Nawaf."

Ya yi ta naci har ta miƙa makullin, tana cewa ita ba ta gani ba, ba ta ji ba.

Mutanen istiraha da man zaitun da tsumma suke cire tsatsa, a hankali. Kabo ya ce wannan aikin malalata ne. Ya kwantar da bindigar a baho, ya juye mata ruwan wanke masai mai ƙarfi. Nan da nan baho ya hau tafasa, wani wari ya bi matakala har hawa na sama. Matar maƙwabci ta fito da jariri tana tari, wani Bature-Bature ɗan Siriya a ƙasa ya leƙo yana tambaya ko gas ne ya fashe. Kabo ya fito da tawul a hanci, idanu jajur, ya ce kowa ya kwantar da hankali, kimiyya ce.

Tsatsa ta fita kam. Sai dai ƙarfen ya fito da ramuka-ramuka kamar fuskar mai zanzana, zoben azurfar da ke wuyanta ya koma baƙi ƙirin.

"Haka na asali suke," in ji shi.

Daga nan ya koma kan ƙota. Akwai wani zane da mai bindigar ya sassaƙa da wuƙa tun a hanya. Kabo ya dube shi ya ce tsohon yayi ne, ya bi gefe ɗaya da fentin bango, kore, fari, kore. Ɗaya gefen kuma ya sayo sitikar tutar Saudiyya a shagon kayan biki, ya shafa mata gam ɗin da ake liƙa gilashin bas, ya danna. Da ya bushe, ya aika aka kira Luƙman ya zo ya ga abin mamaki.

Luƙman ya shigo, Kabo ya tsaya kamar soja, ya doka gindin bindigar a ƙasa.

"Subhanallahi! Ɗaga! Malam Kabo, ɗaga!"

Kabo ya zabura ya ɗaga. "Mene ne? Kunama ce?"

"Kalmar shahada ce a jikin tutar nan! Tutar da ko Sarki ya rasu ba a sassauto ta, ita ka doka a kan tayil, kusa da takalmi?"

"Na sani mana. Gwada ka nake."

Ya juya ta, baki ƙasa, gindi sama.

"Yanzu kuma rubutun ya kife."

Ya kai ta kan kujera zai kwantar.

"Wurin zaman mutane?"

Ya ɗauke, ya nufi tebur, ya kwantar da ita tutar Saudiyya na kallon sama. Luƙman ya dafe kai.

"Wato Najeriya ce za ta kwanta rub da ciki a kan tebur ɗin da ake cin tuwo? Mutum miliyan ɗari da wani abu ka kifar?"

"To in juya?"

"Kada ka soma!"

"In rataye a bango?"

"Wacce za ta kalli bango?"

Kabo ya tsaya tsakiyar ɗaki da bindiga a sama, gumi na bin gemunsa. Ya gwada ɓare sitikar da farce, farcen ya karye. Ya ce a miƙo samfefa, Luƙman ya ce ya goge sunan Allah da samfefa, garin kuma ya zuba ina? Ya kira Hajara ta riƙe masa, ta amsa daga kicin cewa hannunta duk kifi ne. Aka kira azahar, ga fitsari ya matse shi, ga shi ba a shiga bayi da ita. Luƙman kuwa ya ce yana da darasi, ya sulale.

Can dabara ta faɗo masa. Ya hau kujera, ya ɗaure bindigar da igiyar shanya a jikin fankar sama, tana reto, ba tutar da ke ƙasa, ba wadda ke kallon bango. Ya sauko yana yaba wa kansa, ya ruga bayi.

Yana fitowa, Hajara ta shigo da tire, zafi ya dame ta, ta kai hannu ta danna makunni ba ta ko ɗaga kai ba.

Bindiga ta fara zagaye. Zagayen farko ta share agogon bango. Na biyu ta kwashe fulas ɗin shayi daga kan kabad. Hajara ta saki tire ta yi waje da ihu, Kabo ya zube ƙasa ya rufe kai yana kururuwa.

"Bindigar! Kashe! Hajara, kashe! Na ce ki kashe!"

Benen gaba ɗaya ya ɗauka. Masu gudu ƙasa na karo da masu gudu sama. Ɗan Siriyan nan ya shigo da murfin tukunya a ƙirji yana cewa a ji tsoron Allah, wa za a kashe?

"Fanka!" in ji Kabo daga ƙarƙashin tebur.

Aka kashe. Maƙwabta suka tsaya a ƙofa suna kallon bindiga tana rage gudu, kore na wucewa, fari na wucewa. Kabo ya rarrafo ya karkaɗe jallabiya.

"Gwajin daidaito ne. Kun ga ba ta karkata ko'ina ba."

Ranar biki Nawaf ya zo ɗaukarsa da mota, amma lungunsu mota ba ta shiga, sai a bakin titi. Kabo ya naɗe bindigar da farin haramin da ya yi Umara da shi, ya ɗaure sama da ƙasa, ya ɗora a kan hannuwa biyu daidai wa daida don kada wani gefe ya sunkuya, ya fito yana tafiya a hankali da fuskar girmamawa. Wani tsoho mai sayar da goro ya gani, ya miƙe yana salati, ya bi bayansa. Mai wanki ya ajiye dutsen guga ya bi. Kafin a kai titi an yi ayari.

"Allah ya jiƙan rai," in ji tsohon. "Wane ne? Ya sha jinya, ka ga yadda ya rame."

"Bindiga ce, Baba."

Ayarin ya watse kamar an jefa dutse cikin tattabaru. Nawaf ya kwanta a kan sitiyari yana dariya har da hawaye. Da ya ga abin da ke cikin haramin kuwa, dariyar ta tsaya.

"Ya Kabo, wannan ta jaddi ce! Ta kakanmu! Ka san Umma ta dawo da safe? Wurina ta sauka, ba ta ko leƙa falonta ba. Tana can istiraha a ɓangaren mata."

Kabo ya gyara hula. "Madalla. Ta ga aiki da idonta."

Istiraha ta cika. An kafa babbar tutar Saudiyya a tsakar fili, ɗalibai 'yan Najeriya kuma sun roƙi alfarma an rataya ta Najeriya a jikin katanga, tunda nasu bikin ma ya kusa. Ana buga ganga, ana raba gahawa da dabino. Samari suka yi ta'ashir ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tashi sama kamar an cilla shi, wuta ta bazu a ƙarƙashinsa, ya dira yana murmushi.

Kabo ya kwance bindigar daga cikin haramin. Kowa ya zuba mata ido.

Ammu Abdulsalami ya matso, ya duba gefe ɗaya, ya zagaya ya duba ɗayan, ya shafa ramukan ƙarfen da yatsa.

"Ya Idris, wa ya ce maka ana sa wannan tutar a gindin bindiga? Gindi ƙasa yake zama."

"Ban da a ta'ashir, Ammu. A ta'ashir baki ne ke ƙasa, gindi na sama. Ni na yi tunanin da ba ku yi ba."

"Tayyib. To yaya za ka ɗura? Sai an kafa gindin a ƙasa ake zuba albarushi ta baki."

Kabo bai yi wannan tunanin ba. Ya ce zai kafa a kan ƙafarsa, aka yi masa ca. Ya ce a kan matashi, aka ce matashin zama ne. Daga ƙarshe Luƙman da Nawaf suka tallabe gindin a tafin hannu daidai ƙirji, kowa na kare tutarsa, bakin bindigar ya yi sama can. Kabo ya hau bayan wata akori-kura, bai kai ba, ya hau rufin. Daga nan ya karɓi gwangwanin albarushi ya zuba ma'auni ɗaya.

"Halas, ya isa," in ji Ammu.

"Wannan na Saudiyya ne." Ya ƙara wani. "Wannan na Najeriya."

"Ya Idris!"

"Wannan kuma na zumunci."

Ya danna da sandar ɗuri, ya sauko, ya karɓi bindigarsa. Mutane suka ja baya sosai, har masu ganga. Ammu ya ce a ƙwace, amma Kabo ya riga ya shiga fili yana rangaji, yana juya bindiga a sama, yana yi wa kansa kirari da sunan kakansa.

Ya daka tsalle. Tsallen bai fi a zura takarda a ƙarƙashinsa ba. Ya ja kunamar bindigar, ta ce ƙyas, shiru.

"Ɗumi take yi," ya faɗa wa jama'a.

Ya sake tsalle, ƙyas. Ya sake, takalmi ɗaya ya fice. Numfashi ya fara gagararsa, tumbi na sama da ƙasa. Wani daga cikin masu kallo ya ce ko a kawo masa kujera ya riƙa dirowa daga kai. Kabo ya tsaya, ƙafafu a ware, bakin bindiga a tsakaninsu, ya juya zai ba mutumin amsa. Yatsansa na kan kunama.

Ƙarar da ta tashi sai da motocin da ke waje suka hau kuka. Hayaƙi ya rufe fili. Bindigar ta kuɓuce ta yi sama tana juyi.

"Tuta!" in ji Nawaf.

"Tuta!" in ji Luƙman.

Dattawa da samari suka ruga hannuwa a sama, ana ture juna, ana taka faranti. Nawaf ya yi sufa ya cafke ta kafin ta taɓa ƙasa, ya faɗi da baya yana ɗaga ta, aka yi kabbara. Zafi ya narkar da gam, sitikar ta ɓare ɗungurungum ba ko yagewa, Ammu ya karɓa da hannu biyu ya sa a aljihun ƙirji.

Duk wannan ba wanda ya waiwayi Kabo. Sai da hayaƙi ya lafa aka gan shi yana zagaye fili a guje, jallabiya ta ƙone daga gwiwa zuwa ƙugu, bayan wandonsa na ci da wuta. Ya nufi babbar tuta zai fizgo ya kashe wutar, samari suka tare shi.

"La! La! Ba wannan ba!"

Ya juya ya nufi katanga, ɗalibai suka jeru a gaban tasu.

"Wallahi ba ka isa ba!"

"Ƙonewa nake!"

"Nemi wani ƙyallen!"

A ƙarshen fili akwai ɗan kududdufin wanka na yara. Kabo ya faɗa ciki da zaune, ruwa ya ce cuuu. Ammu ya leƙa ya tambaye shi ko ya ji ciwo, ya ce fata lafiya, ɗan zafi ne kawai. Tufafin ne babu: abin da ya rage na wandon bai wuce mazagi ba.

Ƙofar ɓangaren mata ta buɗe. Hajiya Ɗaso ta fito tana dogara sanda, Hajara na bayanta ta rufe fuska da mayafi. Tsohuwar ta miƙa hannu, Nawaf ya ɗora mata bindigar. Bakin ƙarfen ya tsage ya buɗe kamar ɓawon ayaba. Ta daɗe tana kallon fentin da ya rufe zanen mahaifinta.

"Mijin Hajara."

"Na'am, Hajiya. Barka da dawowa. Ya Madina?"

"Bindigar nan ta ratso daji da hamada, ta haye teku a jirgin ruwa, 'yan fashi ba su iya da ita ba. Na je ziyara na dawo, ka mai da ita alawar yara."

"Ai Hajiya gyara ne bai ƙarasa ba. In aka ba ni ita zuwa bikin baɗi..."

"In ka ƙara taka falona, ko agogo ka kalla sai na sa an fitar da kai."

Ammu Abdulsalami ya karɓi bindigar, ya ce fentin zai fita da haƙuri, zanen na nan a ƙasa, bakin kuma za a yanke a gyara, amma ta gama harbi har abada. Ya ƙara da cewa daga yau aikin Idris a istiraha wanke kofunan gahawa ne, su ma za a riƙa ƙirgawa.

"Amma kun ga tsallen ƙarshe?" in ji Kabo daga cikin ruwa. "Wa ya kai ni sama yau?"

"Bindigar," in ji Nawaf.

Ana cikin haka mai kula da lasifika, wanda ke cikin ɗaki bai san abin da ake ciki ba, ya saki taken ƙasar Saudiyya kamar yadda aka tsara. Kowa ya miƙe ya nutsu, har Hajiya Ɗaso ta gyara tsayuwa a kan sandarta. Kabo ya ƙara nutsewa, gwiwoyinsa a waje, ya ɗora hannu a ƙirji.

Nawaf ya yi magana ta gefen baki. "Ya mai ƙasa biyu, ƙum. Tashi tsaye."

"A tsaye nake. Nan wurin zurfi gare shi."

"Ruwan iya gwiwar Munira ne."

"Malam Kabo, girmama tuta wajibi ne," in ji Luƙman, yana danne dariya. "Kai ka ce ka fi kowa."

Idanu suka dawo kansa. Kabo ya dubi tuta, ya dubi jama'a, ya dafa bakin kududdufin, ya fara yunƙurawa da gaske. Hajara ta saki salati. Hajiya Ɗaso ta ɗaga sandarta ta dafa masa a tsakar ka, ta mai da shi cikin ruwa.

"Zauna, don Allah," ta ce. "Abin da ƙasashen nan biyu suka gani yau ya ishe su."